Coci ta cika da addu'a, ɗaki kuwa shiru

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, barka da aiki. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan'uwanmu Kirista masu karanta Hausa. Mun san yawancin masu karatunka Musulmi ne, muna kuma fatan su ma ba za su rasa abin tsinta a ciki ba. Maganar addu'a ce, amma ba ta taro ba, wadda mutum yake yi shi kaɗai kowace rana.

A addu'ar taro dai ba a bar mu a baya ba. Lahadi akwai sujada, tsakiyar mako akwai taron addu'a, zumuntar mata da ranarsu, matasa da tasu, ga addu'ar dare da ake kwana ana yi a ƙarshen wata, ga azumin farkon shekara. Duk alheri ne. Amma ka ja wanda ya shekara ashirin da yin baftisma gefe, ka tambaye shi abin da ya faɗa wa Allah ranar Talata da safe, ba fasto, ba ganga, ba mai jin sa. Da yawa za su sunkuyar da kai. Wani zai ce ya faɗi "Na gode Yesu" yana saka takalmi. Wannan yana damunmu ƙwarai, domin ba mugunta ba ce, ba kuma rashin bangaskiya ba. Ba a koya musu ba ne. An ce musu "ku riƙa addu'a" kamar a miƙa wa yaro fartanya a nuna masa gona, ba a gwada masa riƙon ƙota ba. Almajiran Yesu sun tashi cikin addu'o'in Yahudawa tun suna ƙanana, duk da haka a Luka 11:1 ɗaya daga cikinsu ya roƙe shi ya koya musu yin addu'a. Abin koyo ne ke nan, yana da mafari, yana da tsari, yana da wuraren da ake tuntuɓe.

Mafarin kuwa lokaci ne. Maƙwabcinmu Musulmi yana da ladan, sau biyar a yini ana kiransa, unguwa duka ta san lokaci ya yi. Kirista ba shi da mai kiransa in ban da ƙararrawar Lahadi. 'Yanci ne, amma a nan yawancinmu ke faɗawa rami, domin abin da aka ce ka yi duk sa'ad da ka ga dama, gobe ce ke cinye shi. Wasu kan fake da 1 Tasalonikawa 5:17, inda aka ce a yi ta addu'a ba fasawa, su ce ai ko a kan hanya suna yi. To, Littafin da ya faɗi haka shi ne ya nuna mana Daniyel yana durƙusawa sau uku a rana a ɗakinsa na bene, da mai Zabura 55 yana kai kukansa maraice da safe da tsakar rana, da Bitrus da Yohanna suna tafiya Haikali ƙarfe uku na yamma saboda lokacin addu'a ya yi. Addu'ar kan hanya 'ya ce, uwarta ita ce ta ƙayyadadden lokaci.

Kada a ɗaura lokacin a kan agogo kaɗai. A ɗaura shi a jikin wani abu da ba ya tsallake rana. A yawancin garuruwanmu kiran asuba yana tada kowa wajen ƙarfe biyar, Musulmi da Kirista. Maimakon ka juya ka gyara mayafi, ka sa ƙafa a ƙasa. Wani kuma ya ce: da zarar na wanke fuska, kafin hannuna ya taɓa waya. Uwar da yara ke tashi tare da ita ta ɗauki lokacin da suka fita makaranta, kafin ta jiƙa wanki. Manomi a damina yana fita da duhu, sai ya yi gajeruwa a gida, ya ƙarasa a gindin bishiya sa'ad da ya zauna hutun hantsi. Mai gadi da ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, safiyarsu ita ce lokacin da suka farka, ko da azahar ce. Mun fi son safiya domin da sanyin safiya ake kama fara, kuma Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa, alhali daren jiya gari duka ya taru a ƙofar gidan da yake. Amma wannan shawara ce, ba doka ba. Abu ɗaya ne ba ya canjawa: addu'ar asuba tun dare ake shirya ta. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya yana latsa waya ya riga ya yanke wa safiyarsa hukunci.

Nawa za a yi? Minti 15. Mun san wasu za su raina. Amma ga abin da ke faruwa kullum: mutum ya dawo daga babban taro zuciya da zafi, ya yi alkawarin tashi ƙarfe uku na dare ya yi awa biyu. Ya yi kwana huɗu, na biyar barci ya kwashe shi, na shida kunya ta hana shi komawa, ya ƙare ba addu'ar, ga nauyin laifi a kai. Ɗaukar Dala ba gammo ke nan. A riƙe minti 15 har mako shida ba ƙari, ko da ranar zuciya tana son ci gaba, sai dai in lokaci ya samu da kansa. Wanda hakan ma ya yi masa nauyi ya fara da minti 7. In an sa ƙararrawar waya ta nuna ƙarshen lokaci, a kife wayar nesa da hannu, a kashe data.

Sai wuri. Matiyu 6:6 ya ce ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa. Mai iyali shida a ɗaki ɗaya na gidan haya zai ce, wane ɗaki? Manufar ayar ita ce a kauce wa idon mutane. Kujera 'yar tsuguno a bayan ɗaki ta isa. Zaure ya isa, shago kafin a buɗe ƙofa, cikin Keke kafin a ɗauki fasinjan farko, benci na baya a coci in ana buɗe ta da safe, ko bakin gado a juya wa masu barci baya. Wuri ɗaya dai kullum, domin jiki yakan saba, da ka zauna ya san abin da ya kawo shi. A ajiye kayan aiki a wurin tun dare: Littafi Mai Tsarki, ƙaramin littafin rubutu, biro, da tocila saboda ɗaukewar wuta, a ƙulle su a leda saboda danshi da gara. Minti biyar da za a ɓata ana laluben biro a duhu sulusin lokacin ne. Wuri ɗaya kawai muke hanawa, wato kwance a cikin bargo, musamman da hunturu.

Zaman jiki ba shi da ƙa'ida guda. Yesu ya durƙusa a Gatsemani, ya kuma faɗi rubda ciki. Dawuda ya zauna a gaban Ubangiji. Markus 11:25 ya yi maganar tsayuwa. Mai ciwon gwiwa ya zauna, kada zafin gwiwa ya zama abin da yake tunani. Abin da muka fi ba da shawara shi ne a motsa leɓe, a yi magana ƙasa-ƙasa yadda kunnenka kaɗai zai ji, kusan irin na Hannatu a 1 Sama'ila 1:13. Addu'ar zuci zalla takan narke ta zama tunani cikin minti biyu. Ihu kuma a gidan haya ƙarfe huɗu na dare, jaririn maƙwabta na barci, ba ƙarfin ruhu ba ne. Allah ba kurma ba ne, kuma haƙƙin maƙwabci yana nan.

Ga yadda za a raba mintocin. Biyu na farko shiru ne, a zauna, a sauke numfashi, a faɗi aya ɗaya a hankali don tattara hankali. Biyar karatu. Shida addu'a. Biyu na ƙarshe a bi ranar da ke gaba daki-daki, wa za ka gani, wane ciniki, wace magana mai wuya ke jiranka, a miƙa su ɗaya-ɗaya.

Karatu yana gaba da addu'a da dalili. Wanda ya buɗe baki ba abin da ya shiga kunnensa, abin jiya zai maimaita: ka tsare fitarmu da shigarmu, ka rufe mu da jinin Yesu, ka albarkaci aikin hannunmu. Kalmomin ba su da laifi, amma bayan wata guda baki ne ke gudu shi kaɗai, zuciya tana kasuwa. Abin da Matiyu 6:7 ya yi gargaɗi a kai ke nan. In ka fara karantawa, Allah ne ya fara magana, taka amsa ce, kuma amsar yau ba za ta zama ta jiya ba tunda ayar ta canja.

Kada a buɗe Littafi da ka, duk inda ido ya faɗa. Kada kuma sabon farawa ya ɗauki Farawa da niyyar kaiwa ƙarshe. Farawa da Fitowa surori 90 ne, masu daɗin bi. Mai karanta uku a rana tun daga 1 ga Janairu zai shiga Littafin Firistoci wajen ƙarshen watan, ya tarar da dokokin hadaya da na kuturta, a nan yawanci ake ajiye Littafin har wata shekara. A fara da Markus, surori 16, aya 10 zuwa 15 a rana, wato labari ɗaya. Zai ɗauki kusan wata biyu. Daga nan Luka, ko Filibiyawa mai surori 4. Wanda ya ƙware, Sabon Alkawari surori 260 ne, sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, shekara guda cif. Zabura kuwa ita ce makarantar addu'a, 150 ne, ɗaya a rana wata biyar, sai dai ta 119 mai aya 176 a raba ta kashi 22 yadda take a rubuce, takwas-takwas. 'Yan Angilikan sun gaji tsarin karanta Zabura duka cikin wata guda, safe da yamma, tun daga littafin addu'arsu na 1549, amma wannan na wanda ƙafarsa ta yi ƙwari ne.

Batun fassara ma yana hana wasu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarsa, dattawa da yawa kuma da shi suka haddace ayoyinsu. Hausarsa ta tsufa wa matasan yau. Fassarar 1979 da waɗanda suka biyo bayanta sun fi sauƙi. Ka ɗauki wadda kake ganewa ba sai an fassara maka fassarar ba. Addu'ar kanta kuwa ka yi ta da harshen da kake kuka da shi. In Bura ne ko Tangale ko Berom ko Jju ko Bacama, ka karanta da Hausa ka amsa da na gida. Mai ƙoƙarin yi wa Allah Turancin da ya ji a bakin masu wa'azin talabijin, rabin hankalinsa yana wajen neman kalma.

To, yaya ake juya aya ta zama addu'a? A nan ne yawanci ba a koya wa kowa komai ba. A 1535 Martin Luther na Jamus, wanda 'yan'uwanmu na ikilisiyar Lutheran (LCCN) a Numan da kewaye ke ɗauke da sunansa, ya rubuta wa wanzaminsa doguwar wasiƙa a kan wannan tambaya. Ya nuna masa ya murɗa kowace aya kamar igiya mai zare huɗu: me ta koya mini, me zan gode a kai, wane laifina ta tona, me zan roƙa. Mu gwada da farkon Zabura 23, Ubangiji makiyayina ne, ba zan rasa kome ba. Koyarwa: ni tunkiya ce, ba ni ke zaɓen makiyaya ba, ba ni ke sanin inda rafi yake ba. Godiya: jiya an ci an sha a gidan nan, yaron da zazzaɓi ya kwantar ya tashi. Tuba: daren jiya na kwana ina lissafin kuɗin haya kamar marar mai kiwo, har na huce haushina a kan matata. Roƙo: ka nuna mini ƙofar da zan ƙwanƙwasa yau, ka kuma tsare bakina a gida. Minti uku ke nan a kan aya ɗaya, kuma babu kalma ɗaya ta aro a ciki. In zare ɗaya ya riƙe ka, ka tsaya a kansa, ba dole sai an ƙarasa huɗun ba.

Ranar da kai ya toshe, Addu'ar Ubangiji, wadda Yesu ya koya wa almajiransa, tana nan. Mun mayar da ita abin rufe taro, ana zuba ta da numfashi ɗaya. A ɗaki, a ɗauke ta gaɓa-gaɓa, a tsaya bayan kowace a cika ta da abin da ke gabanka. "Ka ba mu yau abincin yini" ya ƙunshi mudun masara, kuɗin makaranta, taki, ruwan sama a kan kari, albashin da aka riƙe, da zaman lafiyar da zai bar kasuwa ta ci. Ka lura kuma "mu" aka ce, ba "ni" ba, don haka gwauruwar da ke ɗakin ƙarshe tana ciki. In ka zo "ka gafarta mana", ka ambaci laifin da sunansa. "Dukan zunubaina na sani da na rashin sani" bargo ne da muke lulluɓe abin da ba ma son dubawa.

Roƙo domin wasu yana buƙatar rubutu, in ba haka ba mutum uku ɗin nan za ka yi ta ambata, sauran su sha ruwa. A shafin farko na littafin rubutu a sa mutanen gida, waɗannan kullum ne. Sauran a raba su bisa kwanaki: yau dangi, gobe fasto da dattawan ikilisiya, jibi maƙwabta Musulmi da Kirista har da mai unguwa, wata rana masu mulki yadda 1 Timoti 2:1-2 ya umarta, ko ka zaɓe su ko ba ka zaɓe su ba, wata rana marasa lafiya da waɗanda ke hannun masu garkuwa da waɗanda aka raba da garuruwansu. Suna biyar a rana ya isa. Gaban kowane suna a rubuta takamaiman abin da ake roƙo da kwanan wata, a bar fili a dama don ranar da amsa ta zo. Kuma "zan sa ka a addu'a" alkawari ne. Ko ka rubuta sunan nan take, ko ka tsaya ku yi a wurin, ko kada ka faɗa.

Akwai shafi mai wuya, na maƙiya. Muna rubuta wannan da sanin cewa cikin masu karatu akwai waɗanda suka binne nasu bayan hari, a Filato, a kudancin Kaduna, a Borno da sauran wurare. Ba mu ce kowa ya yi murmushin dole a gaban Allah ba. Zabura 10 da 13 da 94 an rubuta su ne don mai irin wannan ciwo, ya karanta su da ƙarfi, ya tambayi Allah har yaushe, ya roƙi shari'a. Amma ramuwa ta Ubangiji ce in ji Romawa 12:19, kuma Matiyu 5:44 bai bar mana ƙofar zillewa ba. Wanda bakinsa ya kasa sa albarka ya fara da ambaton sunan kawai, ya ce ga shi nan a hannunka. Abin da muke jin tsoro shi ne salon da ya yaɗu yanzu, inda addu'a duka ta koma kiran wuta a kan kishiya da ƙanin uba da tsohuwar ƙauye. Sa'ad da Yakubu da Yohanna suka nemi kiran wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, a Luka 9, Yesu juyowa ya yi ya tsawata musu. Mai irin wannan addu'a kullum yakan tashi da tsoro da zargi fiye da yadda ya durƙusa.

Yanzu ga wuraren tuntuɓe. Hankali zai gudu, na kowa yana gudu. Luther ya tuna wa wanzamin nan cewa in idonsa ya bar aska yana hira, zai iya yanke wa mutum hanci ko maƙogwaro. Amma dawo da hankali yana da dabara, domin tunanin iri biyu ne. In aiki ne ya faɗo, cajin waya, bashin mai shago, a rubuta shi a shafin baya da kalma biyu a ci gaba. Ƙwaƙwalwa tana maimaita shi ne don tsoron mantuwa, da an rubuta sai ta saki. In kuwa damuwa ce ke dawowa sau uku, sau huɗu, kada a kore ta, ita ce addu'ar ranar. Filibiyawa 4:6 abin da ya ce a yi da ita ke nan. Gyangyaɗi kuma maganinsa a jiki yake: ruwan sanyi a fuska, tsayuwa, ko kai-da-kawowa a tsakar gida ana karatu a bayyane. In ya ci gaba mako guda, lokacin kwanciya za a gyara.

Za a tsallake rana. In ta faru, babu ranko. Kada a ce gobe za a yi minti 30, kada a tara karatun kwana uku a haɗiye. A ci gaba daga inda aka tsaya. Ba ranar da aka rasa ke kashe addu'a ba, kunyar komawa ce.

Wanda ya fi waɗannan nauyi shi ne bushewa. Bayan 'yan makonni daɗin farko yakan tafi, mutum ya ji kamar da bango yake magana. A nan a bincika abu uku bi da bi. Jiki tukuna: gajiya, zazzaɓin cizon sauro, jego, makoki, duk suna dusashe zuciya, kuma ba zunubi ba ne. Sa'ad da Iliya ya roƙi mutuwa a gindin itace, barci da abinci aka fara ba shi. In baƙin ciki ya yi makonni, barci ya ƙaura, abinci ya fita rai, a haɗa addu'a da ganin likita. Na biyu, rashin jituwa tsakaninka da wani. Matiyu 5:23-24 ya ce ka bar baikonka a gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka, 1 Bitrus 3:7 kuma ya gaya wa maza ƙarara cewa wulaƙanta mace yana toshe addu'a. Na uku laifin da ake ɓoyewa ana kuma ci gaba da shi, Zabura 32 da 51 suna nan dominsa. In an duba ba ko ɗaya, to a zauna kawai. A karanta Zabura 42, ko 88 wadda ta ƙare cikin duhu ba haske ko kaɗan, amma tana cikin Littafi. Romawa 8:26 ya ce Ruhu yana roƙo dominmu sa'ad da ba mu san abin faɗa ba. Hawaye da tsumar jiki ba su ne ma'aunin addu'a ba.

Haka batun roƙon da ba a biya ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi. Yesu ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon shan wahala, ya rufe da cewa a yi nufin Uba. A ci gaba da roƙo kamar gwauruwar Luka 18 da ta nace wa alƙali har ya bi mata haƙƙinta, a kuma riƙa tambayar kai ko abin na sha'awar kai ne, yadda Yakubu 4:3 ya faɗa. A wannan gaɓa ce masu sayar da addu'a ke samun kasuwa: kawo kaza, kawo kuɗin mai, zan hau dutse dominka. Neman dattawan ikilisiya su yi maka addu'a daidai ne, Yakubu 5:14 ya ce a yi. Amma Bitrus ya tsine wa kuɗin Siman mai sihiri don ya zaci baiwar Allah abin saye ce. Matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, wato Yesu, in ji 1 Timoti 2:5. Mun lura wanda ya saba zama minti 15 a gaban Allah da bakinsa yana da wuyar damfara.

Wanda bai iya karatu ba ba a bar shi a waje ba. Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa na saurare, ana sa shi a katin waya. Ko jika ya karanta wa kaka ayoyin gobe tun dare, sau biyu, ta kwana da su. A haddace Addu'ar Ubangiji, Zabura 23 mai aya 6, da 121 mai aya 8. Baiti ɗaya na waƙar coci da aka rera ƙasa-ƙasa yana iya tsayawa a madadin karatu. Maimakon littafin sunaye, yatsu biyar, kowane da mutuminsa.

Bayan mako shida, in safiya ta kafu, sai a ƙara rassa biyu ƙanana. Da tsakar rana Addu'ar Ubangiji a hankali, minti ɗaya ko biyu, a shago ko ofis ko gona. Wani ɗan littafin ikilisiyar farko da ake kira Koyarwar Manzanni Goma Sha Biyu ya umarci masu bi su faɗe ta sau uku a rana, Katolika kuma har yau suna da addu'arsu ta ƙarfe 12. Da dare minti biyar, a zaune, kafin kai ya taɓa matashi. A bi ranar daga safe, irin binciken zuciyar da Ignatiyus na Loyola ya koya wa mabiyansa: ina na ga alherin Allah yau, ina na kauce, wa zan nema gobe in ba shi haƙuri. In wanda za a ba haƙurin yana kwance a ɗakin, ba sai gobe ba. A rufe da ayar ƙarshe ta Zabura 4.

Sujadar iyali aba ce mai kyau, amma ba ta maye gurbin wannan, domin a can uba yana magana ne yara na saurare, akwai abin da ba zai faɗa ba. Muna kuma roƙon maza: matar da ke tashi kafin kowa ta hura wuta, ta kwanta bayan kowa, ba za ta samu minti 15 ba sai wani ya karɓi goyon. Ku karɓa.

Roƙonmu na ƙarshe ga fastoci da masu koyar da ajin baftisma ne. Wa'azi a kan muhimmancin addu'a ya wadata, abin da ya rage gwaji ne. A ware zama ɗaya, a ba kowa Markus 1:35-39, a watsa su a harabar coci kowa shi kaɗai da biro da takarda, minti 15 a agogo. Su dawo a tambaye su ina hankali ya gudu, wane zare ya yi wuya. Kowa ya faɗi lokacinsa da wurinsa a gaban abokin tafiya ɗaya, namiji da namiji, mace da mace, wanda zai tambaye shi ranar Lahadi kwana nawa ya samu cikin bakwai. Bayan mako biyu a sake zaman da wata aya.

Mun gode da fili, Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wasu masu koyar da ajin baftisma,
Jos, Jihar Filato.